Dasa na'urar auna sukari a fata: abin dasawa da manne

Na'urar auna sukari da ake liƙawa a jiki wani ƙaramin faifai ne na roba mai ɗauke da batir da kayan lantarki, wanda siririn zare ke fitowa daga ƙasansa ya shiga ƙarƙashin fata, inda yake auna gulukos, wato sukari, a cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin jiki dare da rana. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da irinta ta farko, ta kamfanin MiniMed, a 1999, kuma kwana uku kawai ake sa ta. FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott, wadda ta fito a Turai a 2014, tana kwana 14 a damtse, Dexcom G6 ta 2018 kuwa kwana 10. Tsawaitar wannan wa'adi ce ta mayar da abin dasawa, wato abin da ake dannawa a fata don ya shigar da zaren, da manne babban aiki ga masu ƙira, domin komai ingancin awon na'ura, idan ta ɓamɓare a rana ta biyar kuɗin mai ciwon sukari ya tafi a banza.

Zaren ba shi da ƙarfin da zai huda fata da kansa. A Libre tsawonsa kimanin milimita 5 ne, kaurinsa bai kai rabin milimita ba, saboda haka ake kwantar da shi a cikin wata allura mai tsaga. Idan aka danna abin dasawa a kan fata, allurar tana shiga da zaren, faifan ya manne, sannan wani nannaɗaɗɗen ƙarfe da ke cikin abin dasawar ya janye allurar ta koma ciki ta kulle, duk cikin ƙiftawar ido. Saurin yana rage zafi da raunin nama, kullewar kuma tana kare wanda zai kwashe shara daga sukar allura. Masu ƙira suna ɓoye allurar da gangan yadda mai amfani ba zai gan ta ba, tunda da yawa daga cikin masu sa na'urar yara ne. Akwai kuma tsofaffi masu rawar hannu ko raunin gani, ga shi bayan damtse wuri ne da hannu ɗaya kaɗai ke kaiwa, shi ya sa ake ta rage matakan. Libre ta farko sai an haɗa guda biyu kafin a dasa, Libre 3 kuwa a haɗe take zuwa.

Batun manne ya fi wuya, domin fata ba bango ba ce. Tana fitar da gumi da maiƙo, tana miƙewa tana tattarewa, kuma saman ta kullum yana zubar da matattun ƙwayoyi, ta yadda abin da aka liƙa wa gam yau yana kan hanyar saki tun kafin mako ya zagayo. Yawancin na'urorin suna amfani da gam na akirilik saboda riƙonsa yana daɗewa, har yana ƙaruwa bayan an liƙa, amma wajen cirewa yakan ɗauko saman fata. Na silikon ya fi sauƙi ga fatar jarirai da tsofaffi, sai dai bai cika jure nauyin na'ura na mako biyu ba. Ƙyallen da gam ke kai ma dole ya bar tururin gumi ya fita, in ba haka ba fatar takan jiƙe ta yi fari ta yi laushi, manne ya saki. Daga gefe ake fara ɓamɓarewa, galibi idan hannun riga ko bakin ƙofa ya kama faifan, don haka ake zagaye kusurwoyi, a kuma rage tudun na'urar: kaurin Libre ta farko milimita 5 ne, na Libre 3 bai kai 3 ba.

A nan filastar kariya ta shigo, wato wani ƙyalle mai faɗi da ake ɗorawa a kewayen na'urar don ya danne gefenta. Dexcom G7 da ita take zuwa a cikin kwali. Tana da amfani ga masu iyo da masu aikin ƙarfi da mazauna ƙasashe masu zafi, amma tana ƙara faɗin fatar da gam ya rufe, kuma ba ta maye gurbin shiri: a wanke wurin da sabulu, a goge da sinadarin alkohol, a bari ya bushe sarai, kada a shafa mai.

Mafi munin matsalar ita ce rashin jituwar fata da sinadarai. A 2017 likitocin fata a Beljiyam da Suwidin suka gano cewa wani sinadari mai suna isobornyl acrylate, wanda ake taƙaitawa da IBOA, shi ke haddasa ƙaiƙayi da ja da ƙuraje masu ruwa ga wasu masu sa Libre, kuma a 2020 ƙungiyar masana wannan cuta ta Amurka ta zaɓe shi a matsayin sinadarin shekara cikin masu haddasa cutar. An danganta asalinsa da gam ɗin da ya haɗa kwanson na'urar, daga nan yake ratsowa ta cikin manne ya kai ga fata. Wannan ya nuna gazawar gwada manne shi kaɗai. Jerin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na gwada kayan aikin likitanci, wato ISO 10993, ya tanadi gwaje-gwajen gubar ƙwayoyin jiki da harzuƙar fata, amma jikin wasu sai bayan watanni yake fara ƙin sinadari, kuma da zarar ya ƙi, yawanci ba ya komawa.