Tambayoyi kan Borobudur, haikalin Buddha na tsibirin Java

Wa ya gina Borobudur, kuma yaya fasalinsa yake?

Sarakunan gidan Sailendra ne suka gina shi a tsakiyar tsibirin Java na ƙasar Indonesiya, tsakanin ƙarshen ƙarni na 8 da farkon na 9. Ba shi da ɗakin da ake shiga, domin tudu ne aka lulluɓe da duwatsu kusan miliyan 2, aka sarƙe su da juna ba tare da abin liƙi ba, har hawa 9, shida masu kusurwa huɗu, uku na sama zagayayyu. Akwai allunan sassaƙa 2,672 da mutum-mutumin Buddha 504.

Ta yaya aka gane shekarunsa, alhali magina ba su rubuta ranar gini ba?

A nan ne masu binciken kayan tarihi suka yi abin a yaba. A 1885 wani Baturen Holan mai suna Yzerman ya gano cewa akwai gindi na asali da aka rufe da katangar duwatsu, mai alluna 160 da ke nuna aikin ɗan Adam da sakamakonsa. A saman wasu allunan an bar gajerun rubuce-rubuce, waɗanda ake ganin umarni ne ga masassaƙa, kuma da aka gwada salon haruffan da na rubutun sarakunan Java, sai ya dace da wancan zamani. Wasu masana sun ce an ƙara katangar ne don ta tokare ginin da ya soma zamewa.

Shin da gaske ya taɓa ɓacewa?

An ƙaurace masa bayan mulki ya koma gabashin Java a ƙarni na 10, daji da tokar aman wuta suka rufe shi, amma mutanen yankin ba su manta da shi ba. Su ne suka ba Raffles, gwamnan da Ingila ta naɗa a Java, labarinsa a 1814, shi kuma ya tura wani injiniyan Holan mai suna Cornelius da mutum 200 suka sare dajin.

Me ya fi yi masa barazana?

Ruwan sama ya fi komai yi masa illa, domin yana ratsa duwatsun ya jiƙa ƙasar tudun, bango ya karkata. Gyaran da wani injiniyan Holan mai suna van Erp ya yi daga 1907 zuwa 1911 bai magance wannan ba. Daga 1975 zuwa 1982 gwamnatin Indonesiya da UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kwance duwatsu sama da miliyan 1, aka sa wa kowanne lamba, aka wanke, aka zuba kankare da magudanan ruwa a ƙarƙashi, sannan aka mayar da kowane dutse gurbinsa. A 1991 aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya.