Sabo (Ibadan)

Sabo unguwa ce ta zama da kasuwanci a Ibadan, babban birnin Jihar Oyo. Tana cikin ƙaramar hukumar Ibadan ta Arewa, maƙwabciyar Mokola, kusa da filin wasa na Adamasingba. Galibin mazaunanta Hausawa ne, da wasu 'yan Arewa da suka saje da su.

Tarihi

Tun kafin a yanka unguwar, fataken Arewa kan sauka a gidajen Yarbawa a cikin gari. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano wajen 1911, baƙi kuwa suka yi ta ƙaruwa. A 1916 hukuma ta ware musu fili a bayan gari, ƙarƙashin Sarkin Hausawa. Ana saɓani kan dalili: wasu sun ce koken sarakunan gari ne, wasu sun ce tsarin Turawa ne na raba baƙi da 'yan ƙasa. A farkon shekarun 1950 ɗariƙar Tijjaniyya ta kafu sosai a unguwar, har mutanen Sabo suka fara tsai da Juma'arsu daban.

Fataucin shanu da goro

Shanu su gangaro Kudu, goro ya hau Arewa: a kan wannan Sabo ta ginu. Ginshiƙin harkar shi ne maigida. Shi ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya adana masa kuɗi, ya haɗa shi da dillalansa.

Shanun Arewa ba sa jimawa a kurmi, domin ƙudan tsando na sa musu sammore, su rame, farashi ya faɗi. Dole a sayar da wuri. Mahautan gari kuma ba kasafai suke da kuɗi a hannu ba, sai su ɗauka bashi, su yanka, su sayar, su biya bayan 'yan makonni. Baƙon bai san kowa a cikinsu ba, don haka maigida ke tsaya masa. In mahauci ya ƙi biya, maigidan ne zai cika daga aljihunsa. Aikin dillali na gaske shi ne sanin wane mahauci ke da bashin wa, da nawa, kada a ba shi abin da ya fi ƙarfinsa. Wanda ya ci amana, masu gidaje kan haɗa baki su daina sayar masa.

Goro ya fi shanu son lura. Ana sayo shi a ƙauyukan Yarbawa, a zaɓe, a ƙirga da ƙwarya, wato ɗari-ɗari, a shimfiɗa ɗanyen ganye a ɗaure huhu. In ganyen ya bushe, goro ya yamushe. In danshi ya yi yawa, ya ruɓe. Shi ya sa ake kwance huhu lokaci-lokaci, a sauya ganye, a tsince wanda sankara ta kama tun ba ta bi sauran ba. Jinkirin mota ko faɗuwar farashi a Kano kan cinye ribar tafiya ɗungurungum, saboda haka masu gidaje suka riƙe wakilai a Arewa masu aiko musu labarin kasuwa.

A yau

Cinikin shanu ya koma kara, wato kasuwar shanu, ta Akinyele a gefen Ibadan, tireloli sun maye gurbin jirgi. An fi sanin Sabo yanzu da 'yan canji, teloli da masu tsire. Gidaje a cunkushe suke, magudanan ruwa sun yi kaɗan.