Zane a kan bargon kapon mota

Bargon kapo shi ne baƙin faifan nan mai laushi da ake liƙawa a cikin murfin injin mota, wanda ido ba ya kai gare shi sai an ɗaga kapo. Yin zane a kansa wani ƙaramin reshe ne na adon mota: mai mota ya sa a fitar masa da tambarin kamfani, ko sunansa, ko hoton dabba, ko wata ƴar gajeriyar magana, da fenti. A Maraɗi ba a cika ganinsa ba kamar yadda ake ganin zanen bayan manyan motoci da na adaidaita sahu, amma masu fentin da ke yin waɗannan su ne ke da hannu da kayan aikin yinsa.

Abin da bargon yake da aikinsa

Ana yin sa da zaren gilashi, ko da curin auduga da zaren roba, a haɗa da wani irin danƙo, a matse shi da zafi har ya ɗauki siffar cikin kapon. Fuskar da ke kallon inji ana rufe ta da siririn baƙin ƙyalle mara saƙa, wani lokaci da ƴar takardar alminiyam a wajen da ya fi kusa da zafi. Maɓallan roba ne ke riƙe da shi, ana cusa su cikin ramukan da ke jikin ƙarfen kapon.

Babban aikinsa shan ƙara. Cikinsa cike yake da ƴan ƙofofin iska, idan ƙugin inji ya shiga sai ya yi ta gogayya da zaren har ƙarfinsa ya ragu. Shi ya sa aka fi kula da sa shi a motoci masu shan gazuwal, don sun fi ƙara. Aikinsa na biyu tare zafi. Ruwan inji yakan tsaya wajen digiri 90 zuwa 100 a ma'aunin Salsiyos, bututun da hayaƙi ke fara fitowa kuwa yana kai ɗaruruwan digiri. Bargon yana rage abin da ke isa ga ƙarfen kapo da fentin da ke samansa.

Inda abin ya samo asali

A Amurka aka fi sanin wannan ado. Ƴan asalin Meksiko da ke zaune a kudancin Kalifoniya, waɗanda suka shahara da gyaran mota ta yi ƙasa-ƙasa tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sun kai zane har cikin kapo da murfin but, domin a wajen baje kolin motoci a buɗe ake barin su. Wasu kamfanoni kuma suna matsa tambarinsu a jikin bargon tun daga masana'anta, kamar tutoci biyu na Chevrolet Corvette, sai mai motar ya bi shatin da fenti.

A ƙasar Hausa tushen daban ne. Maraɗi gari ne na kasuwanci da ke kan babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai zuwa Damagaram, ga kuma hanyar Katsina ta Ɗan Isa da Jibiya. Motocin dakon kaya da ke bin waɗannan hanyoyi sun daɗe suna ɗauke da zanen zaki, da mikiya, da masallaci, da rubutu irin su "Haƙuri maganin duniya". Amma wancan zane na jama'a ne, a gani daga nesa. Na bargon kapo kuwa mai mota ne da bakanikensa kaɗai masu kallo.

Yadda ake yi

Da farko sai an cire bargon. Yin fenti yana manne kuskure ne, saboda feshin zai sauka a kan wayoyi da bel da matatar iska. Maɓallan sukan bushe su yi ƙaras saboda zafi, da wuya a cire su duka ba wanda ya karye, don haka ake tanadar sababbi tun kafin a fara. A kwantar da shi a kan tebur ko faffaɗan katako, kada a naɗe shi, don idan ya karye ba ya komawa daidai.

Daga nan sai shara. Buroshi mai laushi da iska marar ƙarfi sun isa. Ba a dirje shi da ruwa, ba a kuma sa masa fetur ko tina, wato ruwan tsinka fenti. Idan bargon ya sha baƙin mai, maganar zane ta ƙare: fenti ba zai kama ba, kuma bargon da ya jiƙe da mai a saman inji makamashi ne, canja shi ya kamata a yi.

Wuyar aikin tana wajen fentin. Bargon yana tsotse shi kamar yadda yashi ke shanye ruwa, sai mai fenti ya ga launin ya dushe, ya ƙara, ya sake ƙarawa. Ta haka ake toshe ƙofofin da ke shan ƙara, fuskar ta yi tauri, zafi ya zo ya tsattsage ta. Dabarar ita ce feshi sama-sama daga tazarar kamar kamu ɗaya, a bar shi ya sha iska, a sake, kuma a taƙaita shi a wajen zanen kawai. Saboda fuskar baƙa ce, akan fara da farin shafe a ƙarƙashin duk launi mai haske, in ba haka ba ja zai koma ruwan ƙasa, rawaya ta ɓace. Fentin da ya dace shi ne na gwangwani da aka yi don jikin inji, wanda galibi ke jure zafi har wajen digiri 260, ko kuma fentin yadi, wanda ke rina zaren ba tare da ya sandarar da shi ba. Fentin mai na ƙofa da taga, duk da shi ne mafi sauƙin samu a kasuwa, ya yi kauri da yawa.

Siffar zanen akan yanke ta a kwali ko leda mai ɗan ƙarfi, a danne da allurai ko ƙananan duwatsu. Salatif mai ƙarfin danƙo yana tsige gashin ƙyallen idan an zo ɓare shi. Zane mai manyan layuka ya fi kyau, domin fuskar ba sumul take ba, ƙananan layuka kan narke cikin juna. Dagi, da kuros ɗin Agadas, da launukan tutar Nijar duk suna fita sarai. Mutane da yawa suna guje wa hoton abu mai rai saboda addini, haka kuma ba a son rubuta aya ko sunan Allah a wurin da hayaƙi da mai ke ɓatawa.

Mai aikin ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu. Zaren gilashi yana sa ƙaiƙayi, tururin fenti kuma yana kama wuta, don haka a yi shi a sarari, nesa da masu walda.

Yanayin Maraɗi

Yawancin ƙananan motocin garin na hannu ne, da suka shigo ta tashoshin ruwa na Kwatano da Lome, bargonsu ya riga ya tsufa, wasu ma an yage shi an yar. Ga zafin bazara da ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. A irin wannan rana fenti kan bushe a iska kafin ya sauka, ya zama gari, shi ya sa sanyin safiya ya fi. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, damina kuma tana jinkirta bushewa. Kafin a mayar da bargon sai warin fentin ya tafi gaba ɗaya, a kuma tabbatar kowane maɓalli ya kama, don kada ya saki ya kwanta a kan bututun hayaƙi. A wajen wankin mota kuma a gaya wa yara kada su fesa masa ruwan tiyo mai ƙarfi, domin yana ɗaye ƙyallen tare da zanen.