Gurɓatar kududdufai a yankunan haƙar zinari na Zamfara

Kududdufi rami ne da ake samu a gefen gari bayan an ɗebi ƙasar gini, ruwan damina ya taru a ciki. A ƙauyukan Zamfara nan ake shayar da dabbobi, a yi wanki, a kwaɓa tubali, yara kuma su yi iyo. Da yake ruwan kwance ne, duk abin da ya faɗa ciki yakan zauna a cikin laka, idan rani ya ƙafar da ruwan kuma sai gubar ta ƙara ƙarfi.

Gurɓatar da ta fi muni ta bayyana ne a shekarar 2010 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Tashin farashin zinari ya ja mutane ga haƙar ma'adinai, dutsen da suke haƙowa kuwa cike yake da dalma. A kan kawo shi cikin gari a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi ko a daka a turmi, sannan a kai garin bakin kududdufi a wanke, a kama zinarin da zaiba. Ragowar ƙasar nan ake barin ta. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kuma ɗauki abin a bakin komai ba. A watan Maris likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara bayan zazzaɓi da jijjiga. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 suka rasu a garuruwa irin su Dareta, Abare, Yargalma, Sunke da Tungar Daji.

Ƙura da ƙasar tsakar gida su ne babbar hanyar da dalma ta bi ta shiga jikin yara, sai dai kududdufi shi ne ma'ajiyarta, domin daga lakarsa ake yin tubalin da ke mayar da gubar cikin ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa dalma kada ta wuce maikurogiram 10 a litar ruwan sha; gwajin da tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a 2010 ya nuna wasu kududdufan sun ninka haka sau da yawa. Dalma ba ta sauya launin ruwa ko warinsa, tafasawa kuma ba ta raba ruwan da ita.

Kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, masu aikin tsabtace muhalli daga Amurka, sun jagoranci kankare gurɓatacciyar ƙasa da binne ta, MSF kuma ta ba yara maganin fitar da dalma daga jini. Garin Bagega, wanda ya fi sauran girma, sai a 2013 aka tsabtace shi saboda jinkirin sakin kuɗi. Gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a jihar a 2019 kan matsalar tsaro, ta ɗage haramcin a Disambar 2024.