Waiwaye: Tsawa, wayoyin lantarki da duhun gadojinmu

Duk shekara da hadarin farko ya haɗo a Zariya, muhawarar nan takan dawo. Fitilun kan gada sun mutu, wani ya ce tsawa ce, wani ya ce ɓarayin waya ne, na uku ya ce kayan ne tun asali ba su da inganci. Daga Kwangila zuwa gadar Kubanni za ka ji ana wannan ja-in-ja kamar abin jiya ya soma. Alhali maganar ta daɗe, kuma ƙasashen da suka fi mu manyan gadoji sun sha wuyarta kafin mu.

Farkon labarin sananne ne. A 1752 Benjamin Franklin ya nuna cewa walƙiya lantarki ce, daga nan aka soma kafa sandar ƙarfe a saman gini a haɗa ta da ƙasa. Ta ɓangaren wayoyin lantarki kuwa, a 1999 gobara ta tashi a hanyar mota ta cikin dutsen Mont Blanc, tsakanin Faransa da Italiya, mutum 39 suka rasu. Bayanta Turai ta tsaurara ƙa'idojin irin waɗannan hanyoyi a 2004, aka ƙara matsawa kan kayan lantarki masu jure wuta.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a Girka. A watan Agustan 2004 aka buɗe gadar Rion-Antirion, mai dogayen ginshiƙai huɗu da igiyoyin ƙarfe 368 da ke riƙe da titin a kan teku. Sabuwa ce fil, an kashe mata dukiya, kuma akwai kariyar tsawa a saman ginshiƙanta. A ƙarshen Janairun 2005, wata shida bai cika ba, tsawa ta faɗa wa ɗaya daga cikin igiyoyin sama. Ba ta nemi ƙololuwar ginshiƙi inda aka tanadar mata ba, ta gefe ta shigo. Robar da aka lulluɓe igiyar da ita don hana tsatsa ta kama wuta, zafin ya ci ƙarfen da ke ciki, igiyar ta tsinke ta faɗo kan titin. Dole aka rufe gadar.

Gyaran da ya biyo baya shi ne abin lura. An ɗaura wasu wayoyin ƙarfe a saman igiyoyin, waɗanda ba sa ɗaukar nauyin komai, aikinsu kawai su tare tsawa su miƙa ta ga hanyar da za ta bi ta sauka ƙasa. Wato sanda guda a sama ba ta wadatar da gini mai faɗi. Hanya ake buƙata wadda ba ta yanke ba ko'ina, daga inda tsawa ta taɓa har cikin ƙasa, kuma turakun fitila da maƙalan waya da rodin cikin kankare duk a haɗe suke da ita.

A nan nake ganin tushen namu ciwon. Ba mu da gada mai igiya a Zariya, amma dokar lantarki ɗaya ce. Ido yana kan siminti da kwalta da fenti, aikin waya kuwa sai a ƙarshe, lokacin da kuɗi suka ja baya. Sai a ɗaure kebul da maɗaurin roba, rana ta gasa shi, girgizar tireloli ta ƙarasa shi, waya ta saki tana gugar kankare har fatarta ta salube.

Wayar da ke sauka ƙasa ta fi ban tausayi. Jan ƙarfe ce, tana da kuɗi, kuma in an yanke ta fitila ba ta mutuwa a ranar, don haka ba mai sani. Ƙasarmu ma ba ta taimaka ba: jar marmara da dutse irin na Kufena, idan rani ya busar da su, ba sa karɓar wuta da sauƙi. Ƙa'idar duniya ta kariyar tsawa, IEC 62305, wadda ta fito a 2006, ta ba da shawarar kada turjiyar ƙasa, wato yadda take ƙin karɓar wuta, ta wuce om 10 (om shi ne ma'aunin turjiyar), kuma a riƙa aunawa lokaci-lokaci. Awon da ya fi faɗin gaskiya a wajenmu na watan Maris ne, ƙasa a bushe ƙamas, kafin hadarin Afrilu da Mayu ya iso.