Waiwaye: Blanche Lindsay da zauren da ya ja da Royal Academy

A Landan ta zamanin Sarauniya Victoria, duk mai zanen da ke son a san da shi sai ya bi ta ƙofar Royal Academy, babbar cibiyar masu zane ta Ingila. A baje kolinta na shekara-shekara akan cusa zane-zane tun daga ƙasa har kusa da rufi, wanda aka rataye nasa can sama kuwa sai haƙuri, don da wuya a ɗaga kai a duba. Zauren Grosvenor da aka buɗe a titin New Bond a 1877 shi ya karya wannan al'ada. Akan ambace shi da sunan Sir Coutts Lindsay, alhali dukiyar matarsa Blanche ce ta riƙe shi.

An haifi Blanche a 1844. Kakanta na wajen uwa shi ne Nathan Mayer Rothschild, Bayahuden da ya kafa bankin gidansu a Ingila. Mahaifiyarta Hannah ta auri Henry FitzRoy, Kirista, a 1839, ba da son danginta ba. Blanche ta taso tana zane da fentin ruwa, tana kiɗa, tana rubutu, ta kuma auri Sir Coutts a 1864.

Tsarin Grosvenor daban ne. Gayyatar mai zane ake yi, a jera ayyukansa wuri guda, a bar tazara tsakaninsu yadda ido zai huta a kan kowanne. Mata masu zane sun samu bango, ita ma Blanche ta rataya nata. A nan mai zane Edward Burne-Jones ya yi suna. A nan kuma John Ruskin, mai sharhi kan zane-zane, ya ga zanen tartsatsin wuta da dare na mai zane James Whistler, ya rubuta cewa Whistler yana neman sama da fam 200 don ya watsa wa jama'a tukunyar fenti a fuska. Whistler ya kai ƙarar Ruskin, ya ci shari'a a 1878, amma diyyar da aka ba shi kwatan kwabo ce kacal.

Abin da ya fi nuna nauyin Blanche shi ne abin da ya biyo bayan rabuwarta da mijinta a 1882. Da ta janye hannunta da kuɗinta, zauren ya fara tangal-tangal. Comyns Carr da Charles Hallé, waɗanda ke tafiyar da shi, suka fice suka buɗe New Gallery a 1888, Burne-Jones ya bi su. A 1890 aka rufe Grosvenor. Blanche ta koma ga rubutun waƙoƙi da labarai har rasuwarta a 1912.