Waiwaye: Yadda Liverpool ta rasa matsayinta a jerin wuraren tarihin duniya

A watan Yulin 2021, a taron kwamitin wuraren tarihi na hukumar UNESCO da ƙasar Sin ta jagoranta daga birnin Fuzhou, aka kaɗa ƙuri'ar sirri kan bakin ruwan birnin Liverpool na Ingila. Ƙasashe 13 suka ce a cire shi daga jerin wuraren tarihin duniya, 5 suka ce a bar shi. Kafin nan wurare biyu kacal aka taɓa yi wa haka: gandun namun daji a Oman a 2007, da kwarin kogin Elbe a Dresden ta Jamus a 2009.

Abin da aka karrama tun 2004 ya haɗa da tashoshin jiragen ruwa da rumbunan ajiya da ke jere a gaɓar kogin Mersey. A nan aka buɗe tasha a 1715 mai riƙe ruwa da ƙofofi, ta yadda jirgi zai tsaya a sauke kaya ko da ruwan kogi ya ja baya. Da irin waɗannan tashoshi birnin ya zama babbar cibiyar cinikin bayi ta Birtaniya a ƙarni na 18, kuma bayan an haramta cinikin a 1807 sai aka koma kan manja daga Afirka ta Yamma. Kamfanin John Holt da jiragen Elder Dempster, waɗanda dattawanmu suka sani, duk daga nan suka fito. Saboda haka tarihin da ke cikin duwatsun nan ya shafe mu.

Da aka koma jigilar kaya a kwantena, tsofaffin tashoshin suka zama kufai. An rufe Albert Dock a 1972, laka ta cika ta, tagogi suka farfashe. A shekarun 1980 aka yashe ta, aka gyara rumbunan jan bulo yadda suke, da ginshiƙansu na ƙarfe, aka mayar da su gidajen tarihi da shaguna. Yau tana cikin wuraren da baƙi suka fi zuwa a birnin.

Tashoshin arewa ne ba su samu wannan gata ba. Kamfanin Peel ya fito da shirin Liverpool Waters, na kimanin fam biliyan 5.5, a kan hekta 60, da dogayen benaye, har da wani mai hawa 55 a zanen farko. Majalisar birnin ta amince a 2012, kuma a shekarar UNESCO ta saka wurin cikin waɗanda ke fuskantar haɗari. Damuwarta a fili take: idan benaye suka tokare sama, wanda ya tsaya a ɗaya gefen kogin ba zai ƙara ganin tsohon birnin tashar jirage ba, manyan gine-gine irin su Royal Liver na 1911 za su shige inuwar sababbi. Shekara tara ana gargaɗi, ana rage tsayi a takarda, amma ba a janye shirin ba.

Sai kuma maganar Everton ta shigo. Ƙungiyar, wadda a lokacin take wasa a filin Goodison Park tun 1892, ta zaɓi Bramley-Moore Dock, tashar da aka buɗe a 1848, don gina sabon fili. A farkon 2021 majalisa ta amince. Aka yaso yashi daga teku aka cike tashar, aka kafa filin mai ɗaukar mutum sama da 52,000, wanda aka fara buga wasannin Firimiya a cikinsa a 2025.

Hujjar shugabannin birnin ba ta banza ba ce. Unguwannin arewacin Liverpool suna cikin mafiya talauci a Ingila, kuma tashar da aka cike ta daɗe a bayan katanga, jama'a ba sa ko leƙa ta. Magajiyar garin ta lokacin, Joanne Anderson, ta yi tir da hukuncin UNESCO, tana ganin ba za a ce a bar kufai ya fi filin wasa amfani ba. Amma ni a ganina an nuna wa mutane hanya biyu kawai, kufai ko rusau, alhali ta uku tana nan kusa a Albert Dock, inda aka samu aikin yi da kuɗin shiga ba tare da an binne ruwan ba. A Bramley-Moore an tsira da tsohuwar hasumiyar injin ruwa da katangar dutse, tashar kanta kuwa tana ƙarƙashin ciyawar filin.